Gani Ya Kori Ji? Zaɓi Tsakanin Madubi, Sikanin, Farantin Ganɗa Da Zanen Murya Wajen Gyara Tsamin Bakin Yaro

Ka ce "kaya", sannan ka ce "taya". To, ba tare da ka sake faɗa ba, wane ɓangaren harshenka ne ya tashi a kalmar farko, kuma ina ya je ya taɓa? Yawancin manya sai sun yi jim, sun maimaita kalmar sau biyu ko uku a hankali kafin su ba da amsa, wasu kuwa ko sun maimaita ba za su iya faɗa ba. Wannan abin da ya gagari babba shi ake ɗora wa yaro ɗan shekara tara duk sanda aka ce masa, "Ɗaga doron harshenka, kar ka sa tsinin." Yaron ya ji, ya gyaɗa kai, ya buɗe baki ya sake cewa "taya". Sai a ce taurin kai ne, alhali harshe a cikin duhu yake aikinsa. Mai shi ma ba ya ganinsa, balle malamin da ke zaune a gabansa.

Daga nan tunanin gyaran furuci ta hanyar gani ya samo asali. A haska wa yaro cikin bakinsa, ya ga abin da harshensa ke yi a daidai lokacin da yake yi, ya ga inda ake so ya kai, sai ya cike tazarar da kansa. Manyan hanyoyin da ake bi su ne madubi, da na'urar sikanin irin wadda ake duba mai juna biyu da ita, da wani ɗan faranti da ake maƙalawa a ganɗa, da manhajar da ke mayar da murya zane a kan allo. A bakin mai talla duk abu ɗaya ne. A aikace kuwa abin da kowacce ke nunawa daban, abin da take ɓoyewa ma daban. Iyaye kan fara da tambayar wacce ta fi kyau. Ni a ganina a fara da tambayar inda kuskuren yaron ya ɓuya, domin amsarta ce ke zaɓen na'urar.

Ba kowane tsamin baki ne ke buƙatar allo ba

A 2018 wasu masana biyu daga Ostireliya, Sharynne McLeod da Kathryn Crowe, sun tattara binciken da aka yi kan yara masu koyon harsuna 27. Sun ga cewa zuwa shekara biyar yawancin yara sun kama kusan dukan baƙaƙen harshensu, kuma sautukan ra da masu zuzar iska suna cikin masu zuwa a makare. Don haka ɗan shekara uku da ke cewa "lana" maimakon "rana" yana kan hanya, ba a makara ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1999 ya samu kashi 3.8 cikin ɗari na 'yan shekara shida suna da jinkirin furuci. Da yawa daga cikinsu suna warwarewa da taimako ko da girma. Amma akwai wani kaso, wajen ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na matasa da manya, da sauti ɗaya ko biyu ke maƙale musu bayan shekara takwas ko tara. Waɗannan su ne ainihin waɗanda ake amfani da na'urorin nan dominsu, tare da yaran da aka yi wa aikin tsagewar ganɗa da masu raunin ji.

Kafin a yi maganar kowace na'ura, a gwada jin yaro. Ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne yana dushe sauti na tsawon watanni ba tare da yaro ya yi kukan ciwo ba, kuma wanda bai ji bambancin "sara" da "shara" ba, ba zai fitar da shi ba.

Sai a bambance matsaloli biyu da kunne ke ji kamar ɗaya. Akwai yaron da bakinsa yana iya yin sautin ka idan aka tsayar da shi, amma a cikin magana yana mayar da duk ka ta koma ta, saboda bai gama gane cewa sautuka biyu ne masu canja ma'ana ba. Wannan maganinsa wasan kalmomi masu kama da juna ne: a ajiye hoton kura, a ce ya faɗa, ya ce "tura", sai a tura masa wani abu, ya ga cewa an fahimce shi ba daidai ba. Nuna wa irin wannan yaro hoton harshensa ɓata lokaci ne, harshen ba shi da laifi. Akwai kuma yaron da ya san sarai abin da yake so ya faɗa, yana jin kuskurensa, har yana kauce wa kalmomin da suke da sautin, amma ko an yi ta fama ba ya iya fitar da shi ko sau ɗaya. Shi ne mutumin allo. In'ina kuwa, wato sarƙewar magana, wata matsala ce daban, babu ɗaya daga cikin na'urorin nan da aka yi dominta.

Kuma kada a raina tsohuwar hanya. Tun 1939 wani Ba'amurke masanin gyaran magana, Charles Van Riper, ya shimfiɗa tsarin da har yau ake bi: a horar da kunne, a fitar da sautin shi kaɗai, a sa shi a gaɓa, a kalma, a jimla, sannan a hira. Mafi yawan yara da wannan suke gyaruwa. Maganar gani tana shigowa ne inda matakin fitar da sautin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Madubi

Ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar horo mai tsawo, yaro ɗan shekara huɗu ma ya san fuskarsa. Ga sautukan leɓe irin su ba da ma da fa, ga kewayar leɓɓa a wa, ga yaron da harshensa ke leƙowa tsakanin haƙora idan zai ce sa, madubi ya wadatar, kuma duk wanda ya ce a sayi wani abu fiye da shi don waɗannan, a dube shi da kyau. Ɗaukar bidiyo da waya a rage gudunsa ƙanen madubi ne, yana da amfanin maimaitawa amma ya rasa amfanin nan take.

Iyakarsa haƙora. Abin da ke bayansu ba ya gani. In ka ce yaro ya wage baki don a ga doron harshe, ka riga ka canja yadda ake furta sautin, domin ba wanda ke magana baki a wage haka.

Sikanin a ƙarƙashin haɓa

Nan ne abin ya fara zama sabo. Ana shafa ɗan man nan mai santsi a kan na'urar, a dafa ta a ƙarƙashin haɓar yaro. Tana aika sauti mai tsinin da kunne ba ya ji, ya ratsa naman harshe, da ya isa inda nama ya haɗu da iskar cikin baki sai ya dawo. Wannan dawowar ce ke fitowa a allo a matsayin farin layi mai lanƙwasa, wato saman harshe, yana motsi tare da maganar yaro. Ba ta amfani da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ba a sa komai a cikin baki, ba zafi. An fara ba da rahoton gwada ta wajen gyaran magana a Amurka tun tsakiyar shekarun 1980, amma sai a farkon shekarun 2000 masu bincike a Jami'ar British Columbia da ke Kanada suka faɗaɗa aikin, daga baya cibiyoyi a Amurka da Sikotland suka ɗauka.

Ana iya riƙe ta ta fuska biyu, kuma wannan shi ne ƙarfinta. In aka riƙe ta a tsaye, ana ganin harshe daga gefe, tun daga kusa da tsini har zuwa tushe. Yaron da ke cewa "taya" zai ga gaban layin yana tashi, malam ya nuna masa nasa ya ga baya ne ke tashi kamar tozo. Abin da aka shekara ana faɗa masa da baki ya gan shi cikin daƙiƙa. In aka juya ta a kwance, ana ganin harshe kamar an yanka shi daga hagu zuwa dama: ko gefunansa sun ɗago, ko akwai ɗan kwarin nan na tsakiya da iska ke bi wajen fitar da sa. Yaron da sa ɗinsa ke fitowa da ruwa-ruwa, iskar na zurarewa ta gefen baki, a nan ake ganin harshensa ya baje ko ya yi ƙozo a tsakiya.

Mafi yawan binciken da aka yi da sikanin a kan ra ta Ingilishin Amurka aka yi shi, kuma akwai dalili. Wannan sautin yana buƙatar harshe ya yi abu biyu a lokaci ɗaya, gaba ya tashi, tushe ya ja baya zuwa maƙoshi, kuma mutane ba su yin sa da siffa ɗaya: wasu suna naɗe tsini sama, wasu suna dunƙule gaban harshe. Sikanin na ba malam damar gwada siffofi har a samu wadda ta dace da bakin yaron. Mai karatun Hausa ya lura cewa tamu ra ɗin ba ita ba ce. Muna da ra-kaɗe da ra-gare, waɗanda suka raba bara mai hidima da bara ta roƙo, kuma dukansu da tsinin harshe ake yin su cikin sauri. To tsinin harshe shi ne inda sikanin ke da rauni, domin ƙashin muƙamuƙi yana jefa inuwa a gaba, wani ɗan ƙashi da ke saman maƙogwaro kuma yana jefa tasa a baya. Za a iya ganin yadda jikin harshe ya shirya kafin bugun, amma karkarwar tsinin kanta sau da yawa tana cikin inuwar.

Rauninta na biyu shi ne ba ta nuna ganɗa. Kana ganin harshe yana tashi, amma ba ka ganin rufin da yake nufa, sai dai malam ya zana layi a kan allo ya ce "kai nan". In na'urar ta goce kaɗan daga ƙarƙashin haɓa, hoton ya canja, layin da aka zana ya tashi aiki. Shi ya sa a ɗakunan bincike ake sa wa yaro wata irin hula mai riƙe na'urar, a asibiti kuwa yawanci da hannu ake riƙewa, a yi ta gyarawa. Sannan hoton baƙi da fari ne mai dishi-dishi. Yaro sai ya fara gane cewa farin layin nan harshensa ne, ya san ina ne gaba ina ne baya, ya iya zama wuri ɗaya yana kallo yana magana. Yawanci daga shekara shida ko bakwai ake samun wannan nutsuwar.

Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne na'ura ɗaya tana yi wa yara da yawa aiki, a goge kawai a sa wa na gaba. Ana iya gwada ta yau, in ba ta yi ba a bari gobe, ba a yi asarar komai ba.

Farantin ganɗa

Masana na kiran wannan hanyar EPG a taƙaice. Likitan haƙori ne ke fara auna bakin yaro, a ƙera masa wani siririn faranti na roba mai tauri da ke maƙalewa a haƙoran sama ya rufe ganɗa. A jikinsa akwai ƙananan ɗigon ƙarfe masu jin taɓawa. Samfurin da aka ƙirƙira a Jami'ar Reading ta Ingila, ƙarƙashin William Hardcastle, yana da ɗigo 62 a jere takwas daga hanƙa, wato tudun da ke bayan haƙoran gaba na sama, zuwa ƙarshen ganɗa, wasu samfuran Amurka kuma sun haura ɗari. Wayoyi sirara suna fitowa ta gefen baki zuwa kwamfuta. Duk ɗigon da harshe ya taɓa sai ya yi duhu a allo.

Sikanin siffar harshe take nunawa. Faranti kuwa sawun harshe yake nunawa, wato inda ya taka. Kuma hotonsa ya fi sauƙin karantawa nesa ba kusa ba: a sautuka, ta tana fitowa kamar kofaton doki, an rufe gaba da gefe biyu, ka tana fitowa a matsayin layi a can baya, sa tana kama da ta amma da 'yar ƙofa a tsakiyar gaba. Malam ya ajiye nasa sawun a gefe ɗaya na allo, yaro ya yi ta ƙoƙarin daidaita nasa. Ga sa da za da sha da ta da da da na da la, wato duk abin da ake yi a hanƙa da ganɗa, ba na'urar da ta kai faranti fayyace bayani, kuma daidai wurin da sikanin ke makancewa ne.

Da faranti ne aka gano wani abu da ya canja yadda ake kallon yaran nan. A 1999 wata masaniyar furuci, Fiona Gibbon, ta bayyana cewa yara da dama masu daɗaɗɗiyar matsalar furuci ba musanya sauti da sauti suke yi ba kamar yadda kunne ke ji. Harshen nasu gaba ɗaya yake tashi ya manne da ganɗa, gaba da baya a tare, saboda ba su iya raba motsin tsini da na doro ba. Mai sauraro ya ji sautin ta yau, gobe ya ji sautin ka, ya ce yaron ba ya tsayawa kan abu ɗaya, alhali motsi ɗaya yake yi kullum, ɓangaren da ya riga sakin ganɗa ne kawai ke canjawa. Wani lokacin ma yaro yana bambanta sautuka biyu a cikin bakinsa, bambancin ne bai kai girman da kunne zai kama ba. Irin wannan yaro in ka ce masa ya ce "kaya" ba "taya" ba, zai yi mamaki, don a wurinsa abin da ya yi ke nan.

Inda faranti ya fi suna shi ne wajen yaran da aka haifa da tsagewar ganɗa, abin da ke samun kusan jariri ɗaya cikin 700 idan aka haɗa da tsagewar leɓe. Kafin a ɗinke ganɗar, yaro kan koyi ja da sautuka baya inda iska ba ta tserewa ta hanci, kuma bayan aikin ɗabi'ar tana nan daram. A Sikotland tun a shekarun 1990 aka haɗa cibiyoyin kula da irin waɗannan yara da tsarin amfani da faranti.

Sai dai nauyinsa yana da yawa. Faranti na mutum ɗaya ne, ba a aro, kuma sai an ƙera shi kafin a san ko zai yi amfani, don haka kuɗin ya riga ya fita. Ƙerawa na ɗaukar makonni. Baƙon abu ne a baki, yana jawo yawu da farko, yana ɗan canja magana har sai an saba, kuma yaro mai saurin amai idan an taɓa bayan bakinsa zai sha wuya. Babbar matsalar ita ce haƙora. Famfara tana farawa wajen shekara shida ta ci gaba har kusan sha biyu, daidai shekarun da ake buƙatar gyaran, kuma haƙori ɗaya da faranti ke kamawa in ya fita, farantin ya daina zama. Haka yaron da ake sa wa wayar daidaita haƙora, bakinsa yana canjawa wata-wata. Sannan abin da harshe bai taɓa ba faranti bai sani ba. Wasalin a, sautukan leɓe, ja da baya da tushen harshe ke yi, duk ba ya ganinsu. Bambancin kara da ƙara ma a maƙogwaro yake, a yadda ake matso iska, don haka sawun ka da na ƙa kusan ɗaya ne a allo.

Zanen murya

Wannan hanyar ba ta leƙa baki ko kaɗan. Yaro yana magana a makirfo, kwamfuta ko waya tana rarrabe muryar nan take, ta zana ta kamar igiyar ruwa mai tudu-tudu. Kowane tudu yana nuna wani amo da siffar bakin mutum ke ƙarfafawa. In siffar baki ta canja, tudun ya matsa. A ra ta Ingilishin Amurka tudu na uku yana saukowa ya matso kusa da na biyu, don haka ana kafa alama a allo a ce wa yaro ya ja tudunsa ya kai nan. Manhajar staRt da aka yi a Jami'ar New York, a ɗakin binciken Tara McAllister, a kan wannan aka gina ta. Ana kuma iya nuna bambancin sa da sha, domin ƙarfin sa yana taruwa a amo mafi tsini, da kuma bambancin wasula.

Ba a taɓa yaro, ba mai, ba faranti, kuma ana iya yin ta ta intanet, malam a wani gari yaro a wani. Ga iyalin da ke nesa da ƙwararre wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma tana gaya maka ko ka isa ne, ba ta gaya maka hanya. Yaro ya ga tudun bai matsa ba, to me zai motsa? Sai malam ya koma bayani da baki da hoton harshe na takarda. Wasu yaran wannan ya fi musu, suna laluben sautin kamar wasa har su faɗa kansa, ba tare da an cika musu kai da tsini da doro ba. Wasu kuma suna gano wayo: turo leɓɓa gaba yana saukar da tudun ko harshe bai yi abin da ya kamata ba, sai allo ya nuna an kusa, kunne ya ji ba haka ba. Hayaniyar ɗaki tana rikita zanen, siririyar muryar ƙananan yara ma tana wahalar da lissafin. Sautukan da ake yi farat ɗaya, irin su ta da ka da ra-kaɗe, ba su daɗewa har yaro ya kalli zanensu ya gyara. Kuma alamar da aka kafa don ra ta Ingilishi ba ta da amfani ga mai koyon ra-gare.

A nan ya kamata in ja kunne game da manhajojin wasa da ke cika waya, masu ba yaro tauraro in ya faɗi kalma "daidai". Wannan hukunci ne, ba nuni ba. Kwamfuta har yanzu tana tuntuɓe wajen tantance maganar ƙananan yara, balle masu matsalar furuci, kuma tauraron da aka ba kuskure yana ƙara kafa kuskuren.

Akwai wata 'yar uwar wannan hanyar ga yaron da maganarsa ke fita ta hanci: wani faifai da ake dafawa tsakanin hanci da leɓen sama, makirfo ɗaya sama ɗaya ƙasa, allo yana nuna kason sautin da ya bi ta hanci. Tana taimakon wanda hanɗarsa, wato ɓangaren rufin baki mai laushi a can baya, ke iya rufe hanyar hanci amma bai saba ba. In hanɗar gajeruwa ce ko ba ta motsi yadda ya kamata, ba adadin atisayen da zai tsawaita ta, wannan aikin likitan tiyata ne.

Me bincike ya tabbatar

Shekaru da yawa hujjar ba ta kai zumuɗin ba. A 2009 wani bitar ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, kan amfani da faranti ga masu tsagewar ganɗa ya samu bincike ɗaya tak da ya cika sharuɗɗansa, shi ma na yara 'yan ƙalilan. A 2019 Eleanor Sugden da Joanne Cleland da abokan aikinsu a Sikotland suka duba bincike kusan talatin kan sikanin, sakamakon yana da daɗin ji, amma mafi yawansu kan yaro ɗaya ne ko ƙaramin rukuni, kuma ba duk yara ne suka amfana ba. Gwaji mafi girma ya fito a 2025 daga jami'o'in New York da Syracuse da Montclair: yara 108 'yan shekara 9 zuwa 15 masu matsalar ra ta Ingilishin Amurka, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu tsohuwar hanya, wasu sikanin, wasu zanen murya. A zaman farko-farko waɗanda ke kallon allo sun fi saurin matsawa kusa da sautin daidai, kuma tsakanin sikanin da zanen murya ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba.

A lura da abin da aka auna: saurin kama sautin a farko. Wannan ya dace da abin da aka sani game da koyon kowane irin motsi. Cikakken bayani kan yadda kake motsawa yana taimaka maka ka samu motsin, amma in aka ci gaba da ba ka shi kullum sai ka dogara da shi. Yaron da ya iya sautin ka tsaf a gaban allo, ya fita ƙofa ya ce wa mahaifiyarsa "ɗauki tayana", labari ne da duk mai wannan aiki ya sani. Allo ba ya bin yaro aji. Don haka ƙwararren malami tun da wuri yake fara janye shi: a yi goma ana kallo, a juya allon a yi goma, a tambayi yaro shi da kansa ko ya yi daidai kafin a gaya masa. Daga nan sai maimaici ɗaruruwa a kalmomi daban-daban, a gida da makaranta, wato an dawo kan matakan Van Riper.

In ni ne zan zaɓa

Yaro ɗan ƙasa da shekara shida mai kurakurai da yawa, wanda baƙi ba sa gane maganarsa, zan bar shi da wasan kalmomi da madubi. Mai harshe a tsakanin haƙora, madubi. Mai mayar da ka ta koma ta bayan an yi watanni ana fama, sikanin, domin bambancin tsini da doro shi ne abin da ta fi nunawa ƙarara, kuma ba a jiran ƙera komai. Mai sautin sa da ke zurarewa ta gefe, ko wanda aka yi wa aikin ganɗa yana ja da sautuka baya, faranti ne gwani in haƙoransa sun zauna. In yana tsakiyar famfara, a fara da sikanin a kwance. Mai fama da ra ta Ingilishi ko wasula, duk wadda ke kusa tsakanin sikanin da zanen murya, in kuwa ƙwararren yana nesa, zanen murya ta intanet. Yaro mai raunin ji yana amfana da kowacce, tunda ido ne ke cike masa abin da kunne ya rage, amma bayan an gyara masa na'urar jinsa, ba a madadinta ba. Yaron da kallon allo ke ɗauke masa hankali, ko wanda ba ya son a taɓa wuyansa, a saurari abin da jikinsa ke faɗa.

Wanda ke riƙe da na'urar ya fi na'urar muhimmanci, don haka ranar ganawa ta farko a tambaye shi wane sauti ne takamaimai zai sa a gaba, kuma me ya sa yake ganin gani zai taimaka a kansa. A tambaye shi yara nawa ya taɓa yi wa aiki da wannan na'urar, domin karanta hoton sikanin sai da horo, mai shaidar gyaran magana ba lallai ne ya iya ba. A tambaye shi sau nawa yaro zai furta sautin a zama ɗaya; in rabin lokacin yana tafiya wajen shafa mai da daidaita allo, an yi asara. A roƙi a ɗauki muryar yaro yana faɗar wasu kalmomin da ba za a yi atisaye da su ba, a ajiye, a sake ɗauka bayan wasu makonni, domin waɗannan kalmomin ne za su nuna ko gyaran ya fita daga ɗakin. Sannan a yi yarjejeniya tun farko kan adadin zaman da za a yi kafin a zauna a duba. In lokacin ya cika yaro bai fitar da sautin daidai ko sau ɗaya ba, a canja siffar da ake nema, ko a koma wata na'urar, ko a sake gwada jinsa.